Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Abincinmu da Kwanciyar Hankalinmu

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, 'yan'uwana mambobi, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, ina yi mana barka da zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan abinci da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ni 'yar kasuwa ce, hatsi da wake da kayan miya nake sayarwa, karatuna kuma na ajin yaƙi da jahilci ne. Saboda haka abin da zan faɗa daga wuri biyu ya fito: akwai wanda nake gani kullum a bakin mudu, akwai wanda na tattaro daga ma'aikatan asibiti da abin da muke karantawa a aji. Maganar tawa guda ɗaya ce, duk wadda ta riƙe ta ta riƙe sauran. Abin da ya shiga tukunya yana hawa kai, kuma a yawancin gidajenmu wadda ta dafa ita ce ta ƙarshen ci.

Bari mu fara da kan shi kansa. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, ko nauyin kwanon gero ɗaya ba ta yi ba. Masana sun ce kashi 2 cikin 100 ce kawai ta nauyin jiki, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da abinci yake bayarwa. Wato in kika ci malmala biyar, malmala ɗaya ta kai ce. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, ba ta ajiye na gobe. Dare da rana, ko kina barci, jini ne yake kai mata abin da za ta yi aiki da shi. Da zarar kayan sun yanke, sai aiki ya fara tangarɗa: lissafi ya rikice, haƙuri ya ƙare, ƙaramar magana ta zama babba. Kowa a nan ya san yadda bakin titi yake da yammacin azumi, gab da shan ruwa, yadda mutanen kirki suke faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

To yanzu mu dubi yinin mace mai sana'a. Ta tashi tun kafin asuba, ta dama koko, ta shirya 'yan makaranta, ta fita da ruwan shayi a ciki, wani lokaci ma ko shi babu. Rana ta take, ciniki ya hana ta tashi, sai ta jefa goro a baki ko ta sayi lemon kwalba da biskit. Da yamma ta dawo ta ɗora tukunya. In an sauke, kwanon maigida ne farko da tsokar da ke ciki, sai na yara, sai na baƙon da ya faɗo, sai na almajiri. Ita kuma ta kankare ƙanzo, ta ce ai ta ƙoshi da ƙamshi. Ko na yi ƙarya? Wannan baiwar Allah in ta daka wa yaro tsawa, ko ta ba mai saye canjin da ya wuce, ko ta zauna hawaye na zuba ba ta san dalili ba, sai a ce ta cika masifa, ko a ce an yi mata asiri. Ba wanda zai tsaya ya tambaye ta me ta ci tun safe.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka a shekarun 1944 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda wani masani mai suna Ancel Keys ya jagoranta. Samari 36 masu lafiyar jiki da ta hankali suka yarda da kansu aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon mako 24. Sun rame, sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, wannan kowa zai yi tsammani. Abin lura shi ne halinsu. Mutanen da a da suke raha suka koma masu saurin fushi da ƙunci, suka daina son shiga jama'a, ba abin da suke tunani sai abinci, har wasu suka riƙa tara littattafan girki suna kallo. Da aka dawo musu da abinci, sannu a hankali cikin watanni hankalinsu ya dawo. Waɗannan fa maza ne majiya ƙarfi, ba ciki, ba goyo, ba shayarwa, kuma sun san ranar da gwajin zai ƙare. Ina ga matar da ba ta san ranar da nata zai ƙare ba?

Na san halin da ake ciki, don a gabana ake ƙirga kuɗi a mayar da rabin kwano. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka tashi, kuma a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya haura da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara ɗaya. Tunanin abin da za a ci gobe shi kansa ciwo ne, yana hana barci. Saboda haka ba zan tsaya a nan in ce ku ci kaza kullum ba. Duk abin da zan ambata yana cikin kasuwarmu, kuma yawancinsa yana cikin masu araha.

Abu na farko da ya fi addabar mu mata shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa mata 58 cikin kowane 100, daga 'yan shekara 15 zuwa 49, suna da ƙarancin jini. Ku dubi ɗakin nan, ku raba mu biyu, sama da rabi ke nan. Jini shi ne yake ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ƙwaƙwalwa, kuma ba ya iya wannan aiki sai da sinadarin ƙarfe da ake samu a abinci. Mu kuwa muna zubar da shi ta hanyar al'ada kowane wata, ciki yana ɗiba, haihuwa tana ɗiba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna ɗibar nasu. In ya yi ƙasa sai mace ta riƙa jin kasala tun da safe, jiri in ta miƙe, haki a ɗan tafiya kaɗan, bugun zuciya, ciwon kai, mantuwa, da ɓacin rai ba gaira ba dalili. Wasu ma sai su riƙa kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Wannan kwaɗayin sau da yawa alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma cin farar ƙasar ƙara ta'azzara shi yake yi. Duk wadda take jin waɗannan alamomi ta je a gwada jininta. Gwaji ne mai sauƙi, ɗigon jini kaɗan ake ɗauka.

Ina ake samun sinadarin ƙarfen? Wanda jiki ya fi saurin karɓa yana cikin nama da hanta da kifi. Ko busasshen kifi kaɗan aka daka a miya ya yi amfani. Sai kuma wake, da waken suya da muke awara da shi, da gero, da ganyayyaki irin su zogale da alayyahu da rama da kuka. Amma na cikin tsirrai yana da wuyar shiga jini shi kaɗai, yana son abokin tafiya, wato abu mai bitamin C: lemon tsami, lemon zaƙi, gwaiba, ɗanyen tumatir, garin 'ya'yan kuka. Kun ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir, a matsa masa lemon tsami? Iyayenmu ba su shiga aji ba, amma sun haɗa shi daidai. Shayi kuma akasin haka yake yi. Ganyen shayi yana da wani abu da yake riƙe sinadarin ƙarfe ya hana shi shiga jiki. Don haka in kin ci ɗanwake ko alale ko wake da shinkafa, kada ki kora da shayi nan take, ki bari a ɗauki kamar awa ɗaya. Masu ciki kuma, ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku a wajen awo don sha aka ba ku, ba don ajiya a ƙarƙashin katifa ba. In sun sa bayan gida ya yi baƙi, haka suke yi, ba cuta ba ce. In suna tayar da zuciya, a gaya wa malamar asibiti ta canza lokacin sha. Ita hanta, mai ciki ta tambayi asibiti kafin ta yawaita cinta.

Abu na biyu ɗan ƙarami ne, gishiri. Manyanmu sun tuna lokacin da maƙoƙo ya yi yawa a wasu garuruwa. Rashin sinadarin aidin ne yake kawo shi. Akwai wata halitta a gaban wuya da take amfani da aidin wajen daidaita aikin jiki. In ba ta samu ba sai ta kumbura, mutum ya yi sanyi, tunaninsa ya yi nauyi, ransa ya yi ta dagulewa. Mafi muni shi ne a kan jinjirin da ke ciki, don rashin aidin ga uwa yana tauye ginuwar ƙwaƙwalwarsa, kuma abin da ya tauye a lokacin ba ya dawowa. Shi ya sa tun a shekarun 1990 aka tilasta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a ƙasar nan. Sai dai aidin yana gudu in gishiri ya sha rana da iska da danshi. Mu masu sayarwa, wannan amana ce a wuyanmu, kada mu baje gishiri a faranti cikin rana daga safe har yamma. Mai saye ta duba leda ta ga an rubuta yana da aidin, in ta kai gida ta zuba a abu mai murfi, nesa da murhu.

Abu na uku shi ne cin abu iri ɗaya kullum. Ina so ku saurari wannan labari don ya shafi tuwon masara, wanda yanzu ya zama na kowa saboda ya fi sauƙi. A kudancin Amurka, farkon ƙarni na 20, talakawa manoman auduga sun dogara da garin masara safe da dare. Sai wata cuta da ake kira felagara ta ɓarke. Fata ta yi baƙi ta tsattsage a inda rana take duka, gudawa ta ƙi tsayawa, daga ƙarshe hankali ya gushe. An ƙiyasta cewa tsakanin 1906 da 1940 ta kama mutum kimanin miliyan 3, ta kashe kimanin 100,000, kuma da yawa sun ƙare a gidajen masu taɓin hankali. An ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. A 1914 aka tura wani likita, Dokta Joseph Goldberger, ya bincika. Sai ya lura cewa a gidajen marayu da asibitocin da cutar take, ma'aikata ba sa kamuwa, alhali kullum suna tare da marasa lafiyan. Bambancin kwano ne. Ya sa aka ƙara wa marayu da majinyata madara da ƙwai da nama da wake, cutar ta kau. Daga baya, a 1937, aka gano cewa wani nau'in bitamin B ne mai suna nayasin ya yi musu ƙaranci. Masara tana da shi, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya ɗiba sosai. Jama'a, mutane ne aka kulle a matsayin mahaukata, alhali maganinsu yana cikin kwanon wake.

Mu Allah ya hore mana gyaɗa, kuma gyaɗa tana cikin abubuwan da suka fi nayasin. Ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, miyar gyaɗa, tafasasshiyar gyaɗa, duk sun shiga. Masara abinci ce mai kyau, a dai haɗa mata da wani abu. In an yi tuwonta yau, miyar ta samu wake ko gyaɗa ko kifi. Gobe a canza zuwa gero ko dawa. A yi fate da ganye da yawa, a yi dambu da zogale. Sannan mu duba yadda muke surfe. Muna son tuwo fari tas kamar auduga, sai mu surfe hatsi har sai ba komai a jikinsa, mu ɗauki dusar mu zuba wa akuya. Yawancin bitamin B na hatsi a wannan dusar yake. Akuya tana ƙyalli, uwar gida tana jiri. A rage surfen, ko a riƙa niƙa wani ba tare da an surfe ba lokaci zuwa lokaci. Farar shinkafa da taliya da taliyar yara su ma an cire musu yawancin wannan, suna cika ciki amma su kaɗai ba sa isa.

Akwai kuma bitamin B12, wanda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba sa aiki sai da shi. Rashinsa yana kawo mantuwa, da ƙunci, da jin tafin ƙafa ko hannu yana dindiris kamar ana tsira allura, musamman ga tsofaffi. Shi kuma ba a samunsa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba: nono, kindirmo, ƙwai, kifi, nama. Fura da nono ba abin rainawa ba ce. A nan zan roƙi iyayenmu su yi haƙuri da ni a kan maganar da ake yi cewa yaro in ya saba da ƙwai zai yi sata. Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Ƙwai ɗaya da aka raba wa yara biyu ya fi alewar da za a saya musu da kuɗinsa. Kuma tsohuwar da ke cikin ɗaki, wadda haƙoranta suka zube ba ta iya tauna nama, a tuna da ita da kindirmo da dafaffen ƙwai da romon kifi. Wani rikicewar da muke cewa tsufa ne, da hannun yunwa a ciki.

Yanzu sai abubuwan da muke toshe yunwa da su. Lemon kwalba mai rabin lita yana iya ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi 12, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda. In kika sha shi a kan yunwa za ki ji ƙarfi na ɗan lokaci, ba da jimawa ba yunwar ta dawo da kasala, don ba abin da ya bari a ciki. Da kuɗin kwalba ɗaya za ki sayi ƙosai ko awara ko gyaɗa da za su riƙe ki har la'asar. Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari da samarinmu suke sha duk suna da sinadarin kafin, mai hana barci. Yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa biyar ma rabinsa yana nan. Wadda ta ci goro bayan magariba ta kwana tana juyi, zuciya na bugawa, tana tunanin bashi, kada ta yi mamaki. Mai fama da fargaba ko rashin barci ta tsayar da su daga azahar, ta ga bambanci. Sai ruwa. A zafin Maris da Afrilu da yawanmu muna ƙin shan ruwa a kasuwa don gudun neman banɗaki. Ƙishirwa kaɗai tana kawo ciwon kai da gajiya da saurin hasala. In fitsari ya yi ja sosai, jiki ruwa yake nema.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ciki da kai suna magana da juna. In mutum ya tsorata mukan ce cikinsa ya ɗuri ruwa. In rai ya ɓaci abinci ba ya shiga. Likitoci sun tabbatar akwai babbar jijiya da ta haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, saƙo yana hawa yana sauka. Kuma a cikin hanji akwai ƙananan halittu masu amfani da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne harzar da ke cikin wake da ganye da hatsin da ba a surfe sosai ba. To kun ga hanyar biyu ce. Rashin ci yana dagula rai, dagulewar rai kuma tana hana ci. In kika ga 'yar'uwarki ta daina cin abinci, tana ramewa, kada ki tsaya a kan cewa ci mana. Ki zauna kusa da ita ki ji abin da yake cinta.

Wata za ta ce, shin gyara abinci yana taimakon wanda ciwon damuwa ya riga ya kama? An gwada wannan a ƙasar Ostireliya, ƙarƙashin wata farfesa mai suna Felice Jacka, aka fitar da sakamakon a 2017. Mutum 67 masu ciwon damuwa aka raba gida biyu. Kashi ɗaya aka koya musu cin ganye da 'ya'yan itace da wake da hatsi da kifi, da rage kayan zaƙi da soye-soye. Ɗaya kashin aka riƙa zama da su ana hira kawai. Bayan mako 12, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu gyaran abinci ciwon ya lafa musu, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Amma ku riƙe wannan da kyau: yawancinsu suna kan maganin asibiti ko ganin likita a lokacin, kuma ba a ce su daina ba. Abincin ƙari ne a kan magani.

Wannan ya kawo ni inda nake so kowa ya buɗe kunne, har da maza. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini da ciwon sukari. Yana da dalilai da yawa: gado, rashin wani naka, zaman aure mai ɗaci, talauci, haihuwa, shaye-shaye. Zogale ba ya warkar da duka wannan. In mutum ya kai mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barci ya lalace, ba ya iya sana'arsa, a kai shi asibiti. In yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya kwana biyu ko uku ido biyu yana surutai, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba a kwana da shi, kuma ba a barin sa shi kaɗai. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ko asibitin unguwa aka fara zuwa za su nuna hanya. Abin mamaki, sunan Dawanau guda ne, in an ce za a je saro hatsi kowa ya yi murna, in an ce za a je ganin likita sai a rufe fuska. Babu abin kunya a ɗayansu. Wanda kuma aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya fara cin abinci mai kyau, sai likita ya ce.

Mai jego tana buƙatar kulawa ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, yawanci ciwon damuwa. Ga jinin da ta zubar, ga shayarwa, ga rashin barci. Mun iya gata a makon suna, nama da kunu da farfesu, amma da an yi arba'in sai a manta da ita, alhali jaririn yana ci gaba da tsotsa. Surukai da yayye, in kun ga mai jego tana yawan kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, ko tana tsoron za ta cutar da shi, kada a ce mata rashin godiya ne. A ciyar da ita, a karɓar mata jaririn ta yi barci, a raka ta asibiti.

Sannan ina jan kunnen 'yan matanmu da amare a kan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe. Wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Kumburi suke sawa, kuma suna iya kawo hawan jini da ciwon sukari da rashin barci, har da rikicewar hankali. Wadda take ramewa ta je a binciki dalili.

To me za mu yi, mu da muke zaune a nan? Ina da shawara uku, in shugabanni sun ga dacewarsu. Ta farko, da kaka, lokacin da wake da gyaɗa da waken suya da gero suke sauka, mu haɗa kuɗi mu saro buhu mu raba, maimakon kowacce ta riƙa sayen gwangwani da tsada a tsakiyar damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta biyu, kowane gida ya dasa zogale ko da guda ɗaya ne, a shuka alayyahu da rama ko a tsohon buhu ko fasasshen bokiti. In ganye ya yi yawa da damina a shanya shi a inuwa, a adana don rani. Ta uku, mu nemi ma'aikaciyar lafiya ta zo ɗaya daga cikin zamanmu ta gwada jinin duk mai so, ta amsa tambayoyinmu.

Ku kuma iyayen gida maza, mun gode da kuka zo, ga naku saƙon. In an kawo maka kwano, kafin ka sa hannu ka tambaya, ke kin ci? In tsoka biyu ce, ɗaya tata ce, balle in tana da ciki ko goyo. Natsuwar da kake so ka tarar in ka dawo gida, wani ɓangarenta a cikin wannan kwanon yake. 'Ya'yanmu kuma, in kun ga Umma tana kankare tukunya, ku rage mata a naku tun kafin ta ce ta ƙoshi.

'Yan'uwana mata, ku ci wani abu kafin ku fita da safe, ko ɗumame ne, ko koko da ƙosai biyu. Ku zuba naku kwanon lokacin da kuke zuba na kowa. Wannan ba son kai ba ne, don gidan gaba ɗaya a kan hankalinki yake tsaye, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya ba mu lafiyar jiki da kwanciyar hankali, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a sana'o'inmu.